Amazon: Sunan Da Baƙi Suka Raɗa

A watan Agustan 2019 gobara ta yi ta cin kurmin Burazil, har hayaƙinta ya duhunta sararin birnin Sao Paulo da rana. Mutane suka garzaya intanet don su ga halin da ake ciki, suka rubuta sunan dajin haɗe da kalmar wuta da Turanci. Abin da ya fara fito wa da yawansu tallar wata na'ura ce ta kamfanin Amazon, wadda aka sa wa suna Fire. Wasu suka yi dariya, wasu suka fusata. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne nauyin kayan da aka ɗora wa kalma ɗaya: mayaƙa mata na tatsuniyar Girkawa, kogin da ya fi kowane kogi ruwa a duniya, kurmin da ya kewaye shi da mutanen da ke cikinsa, sojojin mata na Dahomey, sannan kantin sayar da kaya. In ka bi zaren a hankali za ka tarar kusan ko'ina baƙo ne ya zo da sunan a bakinsa, ya liƙa wa mutanen da ya tarar, alhali suna da nasu.

Girkawa ne suka fara rubuta kalmar. A tsohuwar waƙar yaƙin Taroya da ake danganta wa Homa, wadda ta kai shekara 2,700, an ambaci matan nan sau biyu, duk da kirari ɗaya: antianeirai, wato masu daidai da maza, ko masu ja da maza. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, tun da yana da "mace mai kamar maza". An ce babban birninsu Temiskira yana bakin kogin Tarmodon, wanda yau ake kira Terme a lardin Samsun na Turkiyya, a gaɓar Bahar Aswad. Duk wani gwarzon tatsuniyar Girka sai an haɗa shi da su. An aiki Harkulis ya ƙwato ɗamarar sarauniyarsu Hipolita. Akilis ya kashe sarauniya Fentesiliya a fagen Taroya, da ya cire mata kwalkwali ya ga fuskarta sai sonta ya kama shi. Tesiyus na Atina ya sace ɗayarsu, 'yan uwanta suka biyo sawu har suka yi wa birnin ƙawanya.

Abu ɗaya ne ba ya canzawa a labaran: matan sukan yi faɗa kamar zakuna, amma a ƙarshe su ake kayarwa. Ba mamaki. A Atina ta wancan zamani 'ya mace ba ta da ta cewa a majalisa, tana ƙarƙashin waliyyi tun daga haihuwa har mutuwa, matan masu hali kuwa ba su cika fita ba. Labarin ƙasar da mata ke hawan doki suna mulki duniya ce a kife, ana ba da shi ne don a nuna yadda aka miƙar da ita. Bayan yaƙe-yaƙensu da Farisa, Atinawa suka sassaƙa yaƙin Amazon a jikin babban haikalinsu na Fatenon, masu zane a jikin tuluna kuma suka riƙa sa wa matan wando da hula irin na mutanen gabas. Mai kallo ya san da wa ake.

Su kansu Girkawan ba su san asalin kalmar ba, sai suka ƙirƙiro mata. A harshensu "a" na nufin babu, "mazos" kuma nono. Shi ke nan, aka ce ai matan nan ƙone nonon dama suke yi tun suna yara don kada ya hana su jan baka. Wannan zance ya yi shekara dubu biyu yana yawo, har yau ana maimaita shi. Amma akwai ɗaruruwan zane-zane da gumaka na Amazon da Girkawan suka bari, kuma a cikinsu matan da nonuwansu biyu suke. Mata masu gasar harbin kibiya a yau ma ba wadda ta yanke komai. Fassarar kunne ce kawai. Bahaushen da ya ji "Amazon" shi ma zai iya cewa ga "maza" nan a tsakiya, ya gina labari mai daɗi a kai, kuma hujjarsa ba za ta fi ta Girkawa rauni ba. Masana harsuna na zamani sun fi karkata ga cewa kalmar aro ce. Mafi shaharar hasashe shi ne daga wani tsohon harshe na dangin Farisanci ta fito, daga ha-mazan, mayaƙa, ko da yake ba su tsaya a kan magana ɗaya ba.

Wanda ya fi kusantar gaskiya shi ne Hirodotus, marubucin tarihi na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce da Girkawa suka ci matan a Tarmodon sai suka loda waɗanda suka kama a jirage uku. A tsakiyar teku matan suka kashe matuƙan, amma ba su iya tuƙi ba, iska ta yi ta kora su har gaɓar tekun Azof, ƙasar makiyayan dawaki da ake kira Sikitawa. Suka sace dawaki, suka shiga kai hari. Dattawan Sikitawa da suka gane mata ne, sai suka tura samarinsu su yi zango kusa da su, har aka saba. Mazan sun kasa koyon harshen matan, matan ne suka koyi nasu. Da angwaye suka ce a koma gida, matan suka ƙi, suka ce su harbi da jifan mashi da sukuwa suka iya, ba za su iya zama da surukai masu wuni a cikin keken shanu ba. Aka ƙetare kogin Don aka kafa sabuwar al'umma, Sauromatawa, inda a cewarsa budurwa ba ta aure sai ta kashe abokin gaba. Ya kuma faɗi sunan da Sikitawa ke kiran matan da shi: Oyorpata, masu kashe maza.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin gatanan gatananku. Dalili kuwa shi ne masu tonon kufai sun saba, in suka ga ƙwarangwal da makami a gefensa sai su rubuta namiji, ba tare da sun duba ƙashin ba. Da aka soma dubawa, sannan gwajin ƙwayar halitta ya zo, sai lissafi ya canza. A shekarun 1990, a Pokrovka kusa da iyakar Rasha da Kazakistan, tawagar Jeannine Davis-Kimball ta tono kaburburan mata da wuƙaƙe da kawunan kibau, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 13 ko 14 wadda ƙafafunta suka gwame saboda hawan doki. A 2019 kuma, kusa da ƙauyen Devitsa a yankin Voronezh, aka buɗe tudun kabari ɗaya na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka tarar da mata huɗu, ƙaramar ba ta wuce 13 ba, babbar ta kusa 50 kuma da kambin zinariya a kanta, ga masu, ga kawunan kibau na ƙarfe fiye da 30. Abin da hankali zai ɗauka ne. A kan doki, da baka a hannu, ƙarfin damtse ba shi ne komai ba, kuma makiyayin da ke fili fetal ba zai ce rabin mutanensa su zauna su zuba ido in mahara sun zo ba. To mata mayaƙa an yi su. Ƙasar mata zalla, wadda ba namiji a cikinta, ita ce ba a taɓa samu ba. Matan kaburburan nan da mazansu da 'ya'yansu suka rayu.

Tun a da ma akwai masu shakka. An ba da labarin cewa wata sarauniyar Amazon mai suna Talestiris ta zo wa Iskandari na Makidoniya da mata 300, ta kwana 13 a wurinsa don ta sami ciki da shi. Bayan shekaru, wani da ya bi rundunar ya rubuta haka, yana karanta wa Lisimakus, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin Iskandari wanda ya zama sarki. Sarkin ya yi murmushi ya ce, to ni ina ina a lokacin?

Sai dai rashin ganinsu bai taɓa kashe labarin ba, matsar da shi gaba kawai yake yi. Da Girkawa suka zauna a gaɓar Bahar Aswad ba su ga kowa ba, aka ce matan sun koma duwatsun Kaukasus. Wani ya ce a Libiya suke. Duk inda taswira ta ƙare, nan ne gidansu. Da Kolombus ya isa tsibiran Karibiyan, a Janairun 1493 ya rubuta cewa an gaya masa akwai tsibiri mai suna Matinino da mata kaɗai ke zaune. Wajen 1510 aka buga wani littafin almara a Sifaniya, na Garci Rodriguez de Montalvo, mai labarin tsibirin baƙaƙen mata mayaƙa da makamansu na zinariya, sarauniyarsu Kalafiya, sunan tsibirin Kalifoniya. Daga nan jihar Amurka ta samo sunanta, wasu ma na ganin daga kalmar khalifa marubucin ya ƙago shi. Irin waɗannan littattafai sojojin Sifaniya ke ji ana karantawa. Da suka shiga jirgi, sun riga sun san abin da suke sa ran gani.

A Fabrairun 1541 Gonzalo Pizarro, ƙanen wanda ya rushe daular Inka, ya tashi daga birnin Kito, a Ekwado ta yau, da Sifaniyawa sama da 200 da 'yan ƙasa kusan 4,000 masu ɗaukar kaya, ya nufi gabas neman ƙasar kirfa da zinariya. Suka gangara daga duwatsun Andes suka faɗa kurmi. Ruwan sama, yunwa da cuta suka cinye mafi yawan masu dakon. A ƙarshen Disamba mataimakinsa Francisco de Orellana ya ɗauki mutum 57 a wani jirgi da suka ƙera, da alkawarin zai nemo abinci ya dawo cikin 'yan kwanaki. Bai dawo ba. Shi ya ce ƙarfin ruwa ne ya hana, Pizarro ya ce cin amana ne. Suka bi kogin Koka zuwa Napo, suna dafa fatar takalma da ɗamara suna ci, har a Fabrairun 1542 suka fito wani kogi da ba su taɓa ganin irinsa ba. A cikinsu akwai wani limamin Kirista mai suna Gaspar de Carvajal, shi ya rubuta abin da ya faru.

Tun a farkon tafiya, in ji shi, wani basarake mai suna Apariya ya gargaɗe su da su yi hankali da koniyupuyara, manyan mata, da ke can ƙasa. Ranar 24 ga Yuni 1542, kusa da inda kogin Nhamunda ke shiga babban kogin, suka ci karo da mutanen da suka tsaya musu tsayin daka. Carvajal ya ce da idonsa ya ga mata goma ko goma sha biyu a gaban mazan kamar kwamandoji, dogaye, farare, gashinsu a kitse an naɗe shi a ka, duk namijin da ya juya baya sai su kashe shi da kulki. Ya ce ɗayarsu ta harba kibiya ta nutse taƙi guda a jikin jirgi, kuma kafin a tashi jiragen nasu, da a lokacin sun zama biyu, sun koma kamar beguwa. Shi kansa a wannan yanki kibiya ta tsiyaye masa ido ɗaya, don haka ba za a ce daga nesa ya ji labari ba.

Matsalar tana cikin abin da ya biyo baya. Sun kama wani mutum a faɗan, Orellana ya yi masa tambayoyi da 'yan kalmomin da ya tattara a hanya, ba tafinta. Daga wannan hira aka fito da labari cikakke: matan suna da garuruwa 70 a can cikin ƙasa, gidajen dutse, kwanukan zinariya da azurfa, tufafin ulu, dabbobi masu kama da raƙuma, sarauniya mai suna Konyori, sukan kamo maza in suna son haihuwa, su riƙe 'ya'ya mata, su kashe maza ko su mayar wa ubanninsu. A duba da kyau. Rabin farko hoton daular Inka ne, wadda Sifaniyawan suka baro a bayansu. Rabi na biyu kuwa tatsuniyar Girkawa ce kusan kalma da kalma. Mutumin da ke ɗaure, masu takubba sun kewaye shi, ana yi masa tambaya da harshen da mai tambayar bai iya ba, amsarsa ba ta wuce "i". A ganina bakin mai tambaya ne ya ba da labarin, kan fursuna ya gyaɗa.

Me Carvajal ya gani ke nan? Wasu sun ce maza ne masu dogon gashi. Wasu sun ce mata ne da gaske, waɗanda suka fito kare garinsu tare da mazansu, abin da ba baƙo ba ne in an kawo wa mutane hari har gida. Akwai kuma abu na uku da ya kamata a ba shi nauyi: mutanen kurmin suna da nasu labaran na matan da suka rabu da maza, tun kafin Bature ya zo. A yankin Shingu na Burazil har yau ana bikin Yamurikuma, inda mata ke ɗaukar adon gashin tsuntsu na maza, su rera waƙoƙinsu, su yi kokawa a dandali, don tunawa da matan farko da suka yi fushi suka bar gari. Mundurukawa na kogin Tapajos suna cewa a da mata ne ke riƙe da sarewa masu tsarki, su ke mulki, kafin maza su ƙwace. A tatsuniyar Burazil kuma akwai Ikamiyaba, mata marasa miji na yankin Nhamunda, masu ba baƙinsu maza kyautar koren dutse mai siffar kwaɗo. Baƙo ya zo da tatsuniyarsa ya tarar da wata mai kama da ita, sai kowace ta zama shaidar 'yar uwarta.

Orellana ya fita teku a ƙarshen Agustan 1542. Kogin yana da sunaye tun kafin nan. Vicente Pinzon, da ya ga bakinsa a 1500, ya kira shi teku mai ruwan daɗi, domin tun yana nesa da gaɓa ya ɗebi ruwa ya ji ba gishiri. Wasu suna ce masa Maranyon, sunan da har yau wani babban reshensa ke amsawa a Peru. An gwada kiransa kogin Orellana. Masu harshen Tupi suna da kalmarsu ta babban kogi, Parana-asu, kuma kowace al'umma da sunan da take kiran ɓangaren da ke ƙofar gidanta. A Burazil, daga iyakar Peru zuwa birnin Manaus, Solimoes ake ce masa har gobe. Amma kogin Amazon ne ya zauna, duk da marubucin tarihi Lopez de Gomara ya yi wa labarin ba'a tun 1552. Akwai masu cewa sunan daga wata kalmar 'yan ƙasa ce, amasona, mai fasa jirgi, saboda igiyar da ke tasowa daga teku ta haura kogin. Zancen yana da daɗin ji, amma rubutun Carvajal a fili yake, ya faɗi abin da yake nufi. Orellana ya koma da sabuwar tawaga ya mutu a bakin kogin a 1546, bai sake ganin matan ba. Walter Raleigh ya yi cigiyarsu a 1595, Bafaranshe La Condamine ya yi a 1743. Kullum amsa ɗaya ce: suna can gaba.

Ga inda abin ya fi ciwo. Carvajal bai rubuta labarin mata kaɗai ba. Ya rubuta cewa sun yi kwanaki suna wuce garuruwa a jere a bakin kogi, ba tazara mai yawa tsakaninsu, ya ga hanyoyi masu faɗi sun nufi cikin ƙasa, ya ga tafkunan da ake kiwon kififiya, ya ga tukwane masu zane da ya ce na birnin Malaga na Sifaniya ba su kama ƙafarsu ba, ya ga rundunonin kwalekwale. Matafiyan da suka biyo bayan shekara 200 sai suka tarar da gaɓa shiru, sai bishiya. Aka ce to, mutumin da ya ga Amazon ai komai ma zai gani. Aka haɗa garuruwan da matan aka zuba a kwandon ƙarya. Har a 1971 wata fitacciyar masaniya ta Amurka, Betty Meggers, ta kafa hujja cewa ƙasar kurmin ba ta da ƙarfin da za ta ciyar da jama'a mai yawa, kuma ra'ayinta ya yi shekaru yana jan zare.

Ƙasar ce ta ƙaryata su. A wurare da dama a bakin kogunan akwai baƙar ƙasa mai albarka da 'yan Burazil ke kira terra preta, cike da gawayi da tsingaro da ƙashin kifi, wani wurin zurfinta ya kai mita biyu. Duk manomin da ya san amfanin juji zai gane ta: hannun mutane ne ya yi ta, cikin ɗaruruwan shekaru na zama wuri ɗaya. A Shingu, Michael Heckenberger tare da mutanen Kuikuro sun gano kufan garuruwa masu ganuwa da hanyoyi a miƙe. A jihar Akre ta Burazil, da aka sare daji, sai manyan ramuka masu siffar da'ira da murabba'i suka bayyana. A 2022 na'urar da ke harba haske daga jirgin sama ta leƙa ƙarƙashin bishiyoyi ta nuna tuddan gini da madatsun ruwa a Boliviya, a Janairun 2024 kuma aka bayyana garuruwan kwarin Upano na Ekwado, waɗanda aka soma ginawa wajen shekara 2,500 da suka wuce. Ƙiyasin wasu masana ya kai mutum miliyan 8 ko fiye a yankin kafin zuwan Turawa. Agana da ƙyanda da farautar bayi ne suka share su, kurmi ya rufe gonakinsu. Matan da ba a tabbatar ba sun hau taswira, miliyoyin da suka tabbata kuwa sai da aka yi shekara fiye da 400 kafin a yarda an yi su.

Jikokinsu suna nan. Kurmin ya ratsa ƙasashe takwas da yankin Giyana na Faransa, wajen kashi 60 cikin 100 a Burazil, kuma ƙidayar Burazil ta 2022 ta sami 'yan asalin ƙasa kusan miliyan 1.7, fiye da rabinsu a yankin Amazon. Ba al'umma ɗaya ba ce, ɗaruruwa ne, da harsunan da wasu ba su da dangantaka da juna ko kaɗan: Tikuna, Yanomami, Makushi, Ashaninka, Shuwar da sauransu. Kalmar "mutanen Amazon" tana tattara su a buhu ɗaya kamar yadda wani zai ce "mutanen Afirka". Hatta sunayen ƙabilun da aka sani, da yawa maƙwabta ko maƙiya ne suka raɗa. Waorani na Ekwado an daɗe ana ce musu Auka, kalmar harshen Kecuwa mai nufin 'yan daji. Shuwar sun ƙi jinin Hibaro, Ashaninka sun yar da Kampa. Kayapo suna kiran kansu Mebengokre. Munduruku ma, an ce, jajayen tururuwa yake nufi a bakin abokan gabansu. Mu da muka daɗe muna cewa Gwari alhali masu abin suna cewa Gbagyi, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

Akwai kuma waɗanda aka fi mantawa da su, ribeirinyo, mutanen bakin kogi. Su gaurayen jini ne na 'yan ƙasa da Fotugisawa da 'yan Afirka da kuma talakawan arewa maso gabashin Burazil da aka kwaso lokacin cinikin roba. Gidajensu a kan dirkoki suke ko a kan gungumen da ke yawo bisa ruwa, domin a Manaus bambancin cikar kogi da janyewarsa yakan kai mita goma a shekara. Kwalekwale ne motarsu, abincinsu kifi da garin rogo. Rogon nan ma da muke jiƙawa da ƙuli, a kudancin wannan kurmi aka fara noma shi, Fotugisawa suka kawo shi gaɓar Afirka. A zamanin roba kuwa kalmar ta hau allon kamfani da jini a jikinta: Peruvian Amazon Company na Julio Cesar Arana, mai rajista a Landan, wanda ya bautar da ƙabilun Witoto da Bora a kogin Putumayo, har binciken Roger Casement na 1910 ya tona asirin kisan dubban mutane. Yau mafi yawan mazauna yankin a birane suke, Manaus kaɗai ta haura mutum miliyan biyu. Ƙasashe huɗu, Burazil da Peru da Kolombiya da Benezuwela, kowace tana da jiha ko lardi mai suna Amazonas. A Fotugisanci ɗan jihar shi ne amazonense, wanda kuma yake alfahari da zama ɗan yankin baki ɗaya yakan ce shi amazonida ne. Sunan baƙo ne, amma masu gida sun karɓe shi sun ba shi tasu ma'ana.

A nan kusa da mu ma an yi haka. Masarautar Dahomey, a Jamhuriyar Benin ta yau, tana da rundunar mata wadda Sarki Gezo, da ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ya faɗaɗa har ta kai dubbai. Da harshen Fon ana ce musu Agojie, ko Mino, uwayenmu, ko Ahosi, matan sarki. A fadar Abomey suke zaune, an hana su tarayya da maza, in za su fita yarinya ke gaba da ƙararrawa don maza su kauce. Sun yi yaƙe-yaƙen kamo bayin da ake sayarwa a garin Wida na bakin teku, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sun sha kashi a ganuwar Abeokuta a 1851 da 1864, sun kuma tsaya wa Faransawa a 1890 da 1892 a ƙarƙashin Sarki Behanzin, har sojojin Faransa da kansu suka yaba jaruntarsu. Turawan da suka gan su ba su tsaya tambayar suna ba, suka ce ga Amazon. Alhali bambancin a bayyane yake: waɗannan sojojin sarki namiji ne, a cikin ƙasa mai maza da mata, ba masu gudun mulkin maza ba. Bai hana a kwashi wasu mata a riƙa nuna su a Turai da sunan Amazon na Dahomey, mutane na biyan kuɗi suna kallo. A Yulin 2022 Benin ta ƙaddamar da mutum-mutumin mace mai bindiga da takobi, tsayinsa mita 30, a Kwatano. Sunan da aka sa masa shi ne Amazone.

Masu rubutu da Turanci sukan yi wa Amina ta Zazzau wannan laƙabi, kuma ba na jin ya ƙara mata komai a kan "Amina 'yar Bakwa ta san rana". Abin lura dai shi ne ita ma an liƙa mata labarin cewa a duk garin da ta ci takan ɗauki namiji ta kwana da shi, da safe a kashe shi. Kamar dai masu ba da labari, a Atina ko a Zariya, ba sa iya barin mace ta ci yaƙi sai sun rataya mata gawar masoyi. Sarauniya Mangu ta Lugu, a Nijar ta yau, da ta tare rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, sarautarta ta ishe ta suna. Matan da suka yi gadin Gaddafi kuwa jaridun Yamma ne suka ce musu Amazon.

Daga nan kalmar ta yi ta yaɗo kamar kabewa. Akwai aku na Amazon, akwai tururuwar Amazon mai satar 'ya'yan wasu tururuwa su yi mata bauta, akwai wani ƙaramin kifi da ake kira da sunan don duk jinsinsa mata ne, alhali a Teksas da Meziko yake, bai taɓa ganin kogin ba. Wanda ya fi ba ni dariya na Faransanci ne. A can, hawa irin na amazone shi ne mace ta zauna a kan doki ƙafafunta biyu a gefe ɗaya, cikin doguwar riga, don kada ta yi zaman maza. Yarinyar Pokrovka mai gwamammun ƙafafu da ta ji wannan da ta riƙe baki.

Shi kuwa Jeff Bezos, da ya kafa kamfaninsa a 1994, Cadabra ya fara sa masa. Ya canza zuwa Amazon domin yana son suna mai farawa da harafin farko, kuma yana son kantin littattafansa ya zama mafi girma kamar yadda kogin yake. Matan ba su cikin lissafinsa, balle mutanen bakin kogi. A 2012 kamfanin ya nemi hukumar ICANN, mai raba sunayen intanet, ta mallaka masa adireshin da ke ƙarewa da .amazon. Burazil da Peru suka ce ba su yarda ba, sauran ƙasashen ƙungiyar yankin mai ƙasashe takwas suka mara musu baya, suna cewa sunan na yanki ne da jama'arsa, bai kamata kamfani ɗaya ya kulle shi ba. Aka yi shekara bakwai ana ja. A tsakani kamfanin ya yi musu tayin na'urorin karatu da wasu hidimomi na kimanin dala miliyan 5, suka ƙi karɓa. A watan Mayun 2019 ICANN ta ba kamfanin gaskiya, wata uku kafin hayaƙin nan ya rufe Sao Paulo.